Kaurin ƙarfe za ka fara dubawa, ba girma ba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana Texas kana son sayen murhun banda irin mai akwatin wuta a gefe, kuma kuɗinka matsakaici ne ba ka so ka yi asara.

To ni dai shawarata, kafin komai ka duba kaurin ƙarfen. Masu arha ɗin nan gwangwani ne wallahi, iska kaɗan ta kaɗa zafi ya gudu, ga hayaƙi na tsiyaya ta bakin murfi, kai kuma naman ƙirjin saniya yana son wuta a tsaye kamar digiri 110 zuwa 135 na Celsius har awa 12 ko fiye, ka ga kuwa wuni za ka yi kana fama da itace. Mai kaurin milimita 6 shi ne na gaske amma da tsada, in ka samu 3 zuwa sama ya isa gida. Ka je shagon da kanka ka ɗaga murfin, in ka ji nauyi a hannu to da dama, sannan ka leƙa waldar.

A matsakaicin kuɗi irin naka duba murhun Oklahoma Joe's Highland ko Old Country Pecos, shi Pecos a shagon kayan wasanni na Academy ake samunsa kuma a walde yake zuwa.

Ka rage 'yan canji ka sayi ma'aunin zafi da za ka ajiye kusa da naman, don na jikin murfi sama yake aunawa. Itace kuma busasshen icen bishiyar oak, ɗanye ɗaci zai sa wa naman.