Tsakanin VS Code da PyCharm ga mai fara koyon Python

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne ya fi dacewa da kai tsakanin VS Code da PyCharm, manhajoji biyu na rubuta shirye-shiryen kwamfuta, kasancewar yanzu ka fara koyon harshen kwamfuta na Python kuma RAM ɗin kwamfutarka, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da ake cikin yi, gigabait 4 ne kacal. A ganina, ƙarancin RAM ɗin nan shi ne abin dubawa kafin komai.

PyCharm na kamfanin JetBrains gwani ne wajen nuna maka kuskure tun kana cikin rubutu, amma duk sanda ka buɗe sabon aiki sai ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya yana tantancewa, kuma a ƙaramar kwamfuta za ka ji fanka tana ta gurnani, harafin da ka danna ma sai ya ɗan jima kafin ya fito a allo. VS Code, wanda Microsoft ta fitar a 2015, bai kai shi nauyi ba, muddin ba ka cika shi da ƙarin kayan aiki barkatai ba. Ka saka na Python kaɗai, ka ƙyale sauran.

Duk da haka, shawarata ita ce ka fara da Thonny, wanda aka samar a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya musamman domin masu koyo. Kyauta ne, yana zuwa da Python a cikinsa, sannan yana tafiyar da shirinka layi bayan layi, kana kallon yadda abin da ka ajiye a ƙarƙashin kowane suna yake sauyawa. Wannan kallon yana buɗe wa ɗalibi kai fiye da dogon bayani.

Idan hannunka ya faɗa, sai ka koma VS Code, ka haɗa da Git domin adana tarihin duk sauyin da ka yi wa aikinka.