Takaba: wata huɗu ba sati goma sha shida ba ne

Tambaya: Malam, mijin ƙanwata ya rasu da hantsi ran 12 ga Rajab, nan unguwar Birni a Damagaram. Gwaggonmu ta ce wata sati huɗu ne, don haka sati 16 da kwana 10 ta fita takaba. Ga shi har wani ya fara aiko da magana. Lissafin nan daidai ne?

Amsa: Allah ya jiƙan mamaci, ya ba ƙanwarka haƙuri. Lissafin gwaggo bai yi ba. Sati 16 da kwana 10 kwana 122 ne, alhali watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, bai taɓa zama 28 ba. Wata huɗu da kwana goma yakan kama kwana 128 ko kusa da haka, wato sati 18 da ƴan kwanaki. Kun ga saura kaɗan ku fitar da ita da bashin kusan sati guda.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ranar rasuwar. Tunda bayan alfijir ya cika, ba a ƙirga wannan yini. Kuma a tsakiyar wata ne, don haka a mazhabarmu ta Malikiyya za ta bi Sha'aban, Ramadan da Shawwal da ganin jinjirin wata, ta cike guntun Rajab ya kai 30 daga cikin Zulƙida, sannan ta ƙara goma. In Rajab ya cika 30, takabarta na ƙarewa da faɗuwar rana ran 22 ga Zulƙida. In 29 ya yi, ran 23.

Za ka ji masu cewa kwana 130 ne ƙayyadadde. An ruwaito haka daga Imam Abu Hanifa a kan wadda takabarta ta fara a tsakar wata, kuma muna girmama shi, amma ban bi wannan ba. Alƙur'ani watanni ya ambata, kuma ya sanya jinjirin wata ma'aunin lokaci ga mutane. Wata ɗaya ne ya karye. Mene ne laifin sauran ukun da za a hana su ma'auninsu? Ramadan ɗin da muka azumta 29 muka yi salla, ba zai koma 30 don takaba ba. Wadda ta cika 130 don kwanciyar rai ba ta yi laifi ba, amma kada a ce mata wajibi ne.

Duk wannan in ba ta da ciki. Mai ciki haihuwa ce ƙarshen takabarta. In al'adarta ta yi jinkiri ko tana kokwanto, ta je likita a duba kafin a yi maganar fita.

Mai aiko da magana kuwa, ka taka masa birki da kanka, kai ne yayanta. Neman aure ƙarara cikin takaba haramun ne, auren da aka ɗaura cikinta rushe shi ake yi, in kuma ya tare da ita a ciki, wurin Malikawa ta haramta gare shi har abada. Ita gwaggo ka yi mata bayani a keɓe cikin ladabi, kada ka ƙaryata ta gaban yara. Ku rubuta ranar a takarda, ku riƙa bin sanarwar ganin wata a rediyo. Wallahu a'alam.