Oga, me ya sa jiya ya kwana yana lodi, yau kuma minti biyu?

Ka tambaye ni muna rufe shago: bekof ɗin da ka kunna wa mai kanti a kwamfutarsa, wato ajiye kwafin fayilolinsa a intanet, daren farko ya kwana yana tafiya har ya cinye masa data, yau kuwa kafin ka sha ruwa ya gama, ko wani abu ya lalace? Babu abin da ya lalace, ɗana. Jawo benci.

Ko da ana ce wa wurin ajiyar "cloud", wato gajimare, kayan nan ba sama suke tafiya ba. Kwamfutoci ne jibge a manyan gine-ginen kamfanoni irin su Google da Microsoft, ba a ɗauke musu wuta. Ranar farko dole manhajar ta kwashi komai ta kai can, kuma ka san layinmu, tura kaya ya fi sauke su jinkiri. Manhaja mai kyau tana yanka kowane fayil gunduwa-gunduwa, ta ba kowace gunduwa lambarta, kamar zanen yatsa. Washegari lambobin kawai za ta gwada da na can. Wadda ta canza ita za ta tura. Mutumin ya ƙara layi biyar a lissafin bashinsa na Excel, to me zai sa ta sake ɗaukar hotunan bikin 'yarsa?

Kayan a kulle suke tafiya, wanda ya tare su a hanya shirme zai gani. Amma kulle iri biyu ne. Wani mabuɗin yana wurin kamfani, wani yana hannun mai kaya shi kaɗai. WhatsApp yana da irin na biyun, da kalmar sirri ko mabuɗi mai lamba 64. Wata hajiya ta taɓa zuwa nan da sabuwar waya, bekof ɗinta na nan lafiya lau, kalmar ce ta manta, tsohuwar wayar kuma an sace. Har la'asar muna gwada sunayen jikokinta. Haka ta tafi.

Inda yara ke cin amanar kwastoma ba da sani ba shi ne fayil ɗin da ke daidaita kansa tsakanin kwamfuta da Google Drive. Wannan madubi ne. Ka goge a nan, ya gogu a can, sai dai ka tarar da shi a kwandon shara, shi ma kwana 30 ne. Bekof na gaskiya yana riƙe da na jiya da na makon jiya, ko bairos ta ɓata na yau ka koma baya.

Ka kuma duba wuri. Google 15 GB yake bayarwa kyauta, Gmail da hotuna duk a ciki suke ci. iCloud na kamfanin Apple kuwa 5 GB ne kacal. In ya cika, aikin tsayawa yake, mai shi bai lura ba.

Gobe kafin ka karɓi kuɗin mai kantin nan, sauko da fayil ɗaya daga can, ka buɗe shi a gabansa.