Tabon da MRI ya nuna a ƙwaƙwalwar ɗana, kansa (ciwon daji) ce?

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah Ya ba yaron lafiya. Kin ce yana farfaɗiya, ga fararen tabo a fatarsa, likita ya ce tuberous sclerosis ce (wata cutar ƙwayoyin halitta), hoton MRI kuma ya tsorata ki.

Yawancin abin da ke hoton ba kansa ba ne. Wuraren da ake kira tuba ɓangarori ne na ɓawon ƙwaƙwalwa da ba su ginu daidai ba tun yaron yana ciki, kuma galibi daga nan farfaɗiyar ke tasowa. Wanda likitoci suka fi sa wa ido shi ne SEGA, ƙullutu kusa da mashigar ruwan ƙwaƙwalwa. In ya girma yakan toshe ruwan, shi ya sa ake maimaita MRI duk shekara 1 zuwa 3 har shekara 25.

Gwajin MRS da kika ambata sinadarai yake aunawa: a tuba sinadarin NAA yakan ragu, a SEGA kuma sinadarin choline yakan ƙaru. Taimako ne kawai, ba ya yanke hukunci shi kaɗai.

Kada sunan tuberous sclerosis ya ruɗe ki, ba ta da alaƙa da tarin fuka (tuberculosis). Kada kuma ki dakatar da maganin farfaɗiya saboda kin ga ciwon ya lafa. In kin ga amai da safe, ciwon kai ko yawan barci, ki garzaya wurin likitan ƙwaƙwalwar yara, ki riƙe tsofaffin hotunan don a kwatanta.