Kafin ka biya kuɗin motar, gwada makullin giyarta

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce in ka iso Amurka karatu za ka nemi 'yar mota ta hannu otomatik, kai kuma manuwal ka saba, wai me za ka duba. Inji da taya kowa zai gaya maka, ni kan makullin giya zan ja kunnenka.

A nan duk otomatik ɗin da aka ƙera daga Satumba 2010 doka ta ce dole giyarta ta ƙi fita daga P (wato fakin) sai an taka birki, wannan shi ne makullin giya, an yi shi ne don kada yara da ke wasa cikin mota su ja giya ta gangara da su. Kuma in wajen mutum ka saya ba dila ba, galibi da ka biya shikenan, ba maidowa.

Samu fili mara gangara ka ja hambirki, murɗa ki zuwa ON, ɗauke ƙafarka daga birki sannan ka gwada jan giyar, kar ka sa ƙarfi fa. Bai kamata ta motsa ba. Yanzu taka birki ka kasa kunne, za ka ji wani ɗan ƙas a gindin giyar, solonoyid ne ya saki, wato 'yar na'urar lantarki da ke riƙe giyar, sai ta fita salin alin. In ka taka ta ƙi fita sa wani ya tsaya baya ya duba maka danja, in ba ta kama ba to yawanci suwicin birki ne ko fis, gyara mai sauƙi.

Wadda ta fi ban tsoro ita ce mai fita ba a taka komai ba. Kusa da giyar akwai wani ɗan murfi, ƙarƙashinsa rami ne da ake danna ki ko sukundireba a saki giyar ranar da batir ya mutu, to wasu in makullin ya lalace maimakon su kai wa bakanike sai su cusa abu a ramin su bar shi haka, ɓalle murfin ka leƙa.

Saura biyu. Ƙafarka kan birki, sa ta a D (giyar tafiya gaba) ka gwada tayarwa, haka ma R (ribas), kada ta tashi sai a P ko N (firi). Sannan kashe ta tana D ka ja ki, in ya zaro a hannunka ka ce wa mai motar ya gyara tukuna ko ya rage kuɗi.