Me ya sa malami yake kashe "he" a jimlata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji shida a sakandare, ina shirin WAEC. Duk insha'in da na rubuta sai malaminmu ya zagaye "he" ko "she" da jan biro, kamar a "My father he is a farmer". Ni kuwa ban ga aibin jimlar ba. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Hausar bakinki ce ta biyo ki cikin Turancin, kuma ɗalibai da yawa haka suke yi.

Mu muna cewa "Audu ya tafi kasuwa". Cire "ya" ki ji abin da zai saura: "Audu, tafi kasuwa". Labari ya koma umarni! Wannan ɗan "ya" aiki biyu yake yi, yana nuna wanda ya yi aikin, yana kuma nuna lokaci. Shi ya sa muke da "ya tafi", "zai tafi", "yana tafiya". A Turanci kuwa aikatau ne ke ɗauke da lokaci: went, will go, is going. Da zarar an ambaci suna, wakilin suna ba shi da sauran aiki a wurin. Ko dai ki rubuta "My father is a farmer", ko "He is a farmer". Haɗa su biyun tamkar ɗora hula ne a kan hula.

Akwai wani tarkon kusa da wannan. A Hausa kowane suna tilo yana da jinsi: mota "ta" lalace, gida "ya" rushe. Turanci yana da "it" na abubuwa, don haka mota ba "she" ba ce a takardar jarrabawa. "It has broken down" za ki rubuta.

Tunda kin zo, bari in ƙara miki da "I" da "me", domin masu tsara tambayoyin zaɓi suna ƙaunarsu. Mai yin aiki "I" ne, wanda aiki ya faɗa wa "me". Idan an haɗa ki da wani, ki ɗan ajiye sunansa a gefe ki gwada. "The teacher called Musa and I": cire Musa, sai ya zama "called I", kunnenki ma zai ƙi shi. Ke nan "Musa and me" ne daidai. Amma "Musa and I went home" lafiya lau take, saboda "I went" ake cewa. Sau da yawa nakan ji manyan 'yan boko a rediyo suna cewa "between you and I", a zatonsu ya fi burgewa. A ƙa'ida "between you and me" ne.

"You" dai ba ta da wahala: kai, ke, ku, duk ita ce. A da Turawan Ingila suna da "thou" na mutum ɗaya, "you" kuma na jam'i da girmamawa kamar "ku" ɗinmu, amma tun wajen ƙarni na 17 "thou" ta fara fita daga maganar yau da kullum.