Wane dutse zan shimfiɗa a kantar kicin idan girkin Indiya nake yi?

TAMBAYA: Aikin maigidana ya kai mu Haidarabad a Indiya, yanzu har na koyi girkinsu, kusan kullum shi nake yi. Za a gyara mana kicin, ni kuwa farin mabul ne ya shiga raina. Mai aikin ya ce kada in kuskura. Gaskiya yake faɗi, ko nasa yake son sayarwa?

AMSA: Hajiya, gaskiya ya faɗa miki. Ki duba abin da ke hawa kantarki daga safe zuwa dare. Na farko gangamau, wanda suke kira haldi, da ba a raba shi da tukunyarsu. Launinsa rini ne sosai, idan ya haɗu da mai ya shige cikin dutse sai haƙuri. Sannan ga tsamiyar da ake sa wa miyarsu ta sambar, ga lemun tsami, tumatir da kindirmo. Mabul ɗan uwan farar ƙasa ne, tsami yana cinsa. Ɗigon lemo ɗaya in ya jima a kai, sheƙin wurin ya dushe ke nan, kuma goga ba ya dawo da shi sai an kawo inji. Kada kyan Taj Mahal ya ruɗe ki. Mabul ɗin Makrana na Rajastan aka yi shi da shi, amma ba a suya a kansa.

Ni baƙin giranit zan ce ki ɗauka, kuma kina kusa da mahaƙarsa. Wanda ake kira Black Galaxy, mai ɗigo-ɗigon ruwan zinariya, daga Cimakurti yake fitowa a jihar Andara Faradesh, maƙwabciyarku. A ma'aunin taurin duwatsu giranit yana tsakanin 6 da 7, mabul kuwa 3 zuwa 4. Baƙin ba ya shan ruwa sosai, ko tabon gangamau ya kama ba a gani. Kaskon da suke kira tawa, wanda kika gasa gurasar capati a kai, ko tukunyar firesha da kika sauke, ba za su ƙona shi ba, ko da yake na fi son a riƙa sa matashi a ƙarƙashi, musamman kusa da gefe. Kauri ki nemi milimita 18 zuwa 20. Giranit mai haske kuwa yana da ƙofofi, sai ana shafa masa maganin toshewa kamar sau ɗaya a shekara.

Za su tallata miki kwaz, wato garin dutse da aka daskarar da roba. Yana da kyau, ba ya shan mai, amma robar ba ta jure zafin da ya kai wajen digiri 150 na Celsius, kaskon tadka kuwa, wato na soya kayan ƙamshi a mai, ya wuce nan. Farinsa ma gangamau yana barin alama idan ya kwana. Dutsen Kadafa, wani baƙin dutse na Andara Faradesh, yana da araha, sai dai shi ma tsami na cinsa; ki bar shi ga kantocin ajiya.

Kafin ki biya, ki karɓi gutsuren ainihin allon da za a yanka miki. Ki ɗiga lemun tsami a gefe ɗaya, kwaɓin gangamau da mai a ɗaya gefen, ki bar su su kwana. Ki kuma goga shi da auduga mai ruwan cire janfarce, domin wasu 'yan kasuwa suna rina dutse mai toka-toka su sayar a matsayin baƙi. Idan audugar ta yi baƙi, ki nemi wani shago.

Farin da kike so kuma, ki kai shi bango da manyan tayil masu santsi, waɗanda tsumma ɗaya ke share musu fantsamar mai.